Man kaɗe, sabulun salo da garin kuka: shekara guda ina sayayya a wani shago a Agege

Shagon ba shi da allon suna, kuma wanda ba a kwatanta masa ba zai iya wuce shi sau uku bai lura ba, domin faɗinsa bai fi ƙofar gareji ba, ga shi a matse tsakanin mai ɗinki da mai sayar da katin waya, a wani lungu na Zangon Agege da ke jin ƙarar jirgin ƙasa. Mai shagon dattijuwa ce Bakatsiniya wadda ta shafe shekaru masu yawa a Legas. Mu Hausawa muna ce mata Hajiya, maƙwabtanta Yarbawa kuma suna ce mata Alhaja, tana amsa wa kowa da harshensa ba tare da gargada ba. Kayanta iri biyu ne a kanta ɗaya: a hannun dama man kaɗe da sabulun salo da lalle da kurkum da zuma, a hannun hagu kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da garin ɗan wake da man shanu. Na yi shekara guda cur ina saye a wurinta, na ga damina na ga rani da kayanta, saboda haka ina ganin na isa in faɗi abin da ya yi kyau a cikinsu da abin da bai yi ba.

Abin da ya fara kai ni wurin damuwar fata ce. A Zariya na tashi, inda hunturu ke busar da leɓe har ya tsage, kaushi da faso su kama dunduniya, yaro ya fita makaranta fari fat idan ba a lafta masa mai ba. Da wannan tarbiyya na zo Legas bayan an yi wa maigidana canjin wurin aiki, na ci gaba da shafa wa kaina da yara mai kauri safe da yamma kamar yadda na saba. Ba a yi wata biyu ba ƙurajen zafi suka feso wa ƙaramar 'yata a wuya da baya da gwiwar hannu, ni kuma fuskata ta riƙa maiƙo tun kafin azahar. Iskar Legas a jiƙe take kusan duk shekara saboda teku, gumi ba ya bushewa da wuri, kuma idan aka rufe fata da mai mai kauri sai hanyoyin gumin su toshe, ƙurajen su fito. Hunturun ma da ke leƙowa a Disamba da Janairu ɗan baƙo ne, bai kama ƙafar na gida ba.

Ranar da na fara zuwa na nemi babbar roba ta man kaɗe, irin wadda za ta kai mu wata shida. Hajiya ta dubi wuyan yarinyar da ke goye a bayana, ta tambaye ni tun yaushe muka zo garin, sannan ta mayar da babbar robar ta ɗauko ƙarama. Ta ce, "'Yata, nan ba Arewa ba ce. Ki ɗauki wannan, ki lakato kamar ƙwayar gyaɗa ki murza a tafin hannu, ki shafa mata a ƙafa da hannu kawai bayan wanka. Wuyan nan ki bar shi ya sha iska." Mai sayarwa ce ta rage wa kanta ciniki a ganinmu na farko, kuma wannan ne ya sa na koma. A cikin mako biyu ƙurajen suka kwanta, ko da yake ba zan ɗora nasarar a kan man kaɗai ba, tunda a lokaci guda na daina sa mata kaya masu santsi na koma na auduga.

Man kaɗen nata shi ne mafi kyawun abin da ke shagon. Ta ce daga jihar Neja ake kawo mata, kuma hakan ya yi daidai da inda kaɗanya ta fi yawa, wato Neja da Kwara da Kebbi da arewacin Oyo wajen Saki, inda Yarbawa ke kiran man ori. Launinsa fari ne mai ɗan ratsin ruwan madara, yana da ƙamshin hayaƙi kaɗan da na soyayyar ƙwaya, kuma da zarar an murza shi a hannu sai ya narke, domin zafin jikin mutum ya ishe shi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake yin sa ba zai raina kuɗinsa ba. Mata ne ke tsince 'ya'yan a farkon damina, su dafa ƙwayar su shanya, su fasa su soya su niƙa, sannan su zauna suna bugun ƙullun da hannu ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan har kitsen ya taso sama, a kwashe a sake dafawa a tace. Itaciyar kanta takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Na sayi man kaɗe a wurare da dama a Legas, na gamu da wanda aka cakuɗa da wani kitse har yana barin danƙo a hannu, na kuma gamu da wanda ya tsufa yana warin da ke kama maƙogwaro. A shekara guda ban taɓa samun ko ɗaya daga cikin waɗannan a wurin Hajiya ba.

Sau ɗaya ne na kawo mata ƙorafi a kansa, lokacin da na buɗe roba na tarar man ya yi tsaki-tsaki kamar an zuba masa gari. Ta yi dariya ta ce ai a mota ya narke ya sake daskarewa a hankali, kuma gaskiyarta ne, haka man kaɗe yake yi, ba lalacewa ba ce. Na ɗora robar a cikin ruwan ɗumi har ya narke duka, na sa a firji ya daskare da sauri, sai ya dawo sumul. Yadda nake amfani da shi yanzu ya sha bamban da na da. Ina shafawa ne jiki na da ɗan danshi bayan wanka, domin aikin mai shi ne ya riƙe ruwan da ke cikin fata, ba ya ƙirƙiro ruwan da babu. Ƙafa da gwiwa da gwiwar hannu da leɓe su ne ke samun kaso mafi yawa, dunduniya kuma da daddare kafin kwanciya. Fuska ba na kai masa sai a 'yan makonnin hunturu, saboda tawa mai maiƙo ce. Akwai masu cewa yana kare fata daga rana, to kariyar da yake bayarwa ƙarama ce ƙwarai, ba ta isa mai yini a tashar mota ko a kasuwa ya dogara da ita ba. Haka nan ba ya maganin makero ko kyasbi irin wanda naman gwari ke kawowa, wanda danshin Legas ke ƙara wa ƙarfi. Wannan sai an ga likita ko mai harhaɗa magani.

Farashinsa ya ɗara na masu talla a bakin titi, a ƙiyasina da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, amma ya yi ƙasa sosai da na manyan kantunan Ikeja inda ake zuba irin wannan man a kwalba mai ado a ninka masa kuɗi. Abin ban mamaki shi ne Najeriya ce ta fi kowace ƙasa samar da ƙwayar kaɗanya, amma a da kaso mai yawa daga cikinta ɗanya yake fita, a je a sarrafa ta a waje, a sa man a kayan kwalliya da cakulan. Dokar Tarayyar Turai ma ta yarda a sa irin wannan mai har kashi 5 cikin ɗari a cakulan. A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya, ta bakin mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima, ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwayar na wata shida domin a ƙarfafa sarrafa ta a gida. Na tambayi Hajiya ko hakan zai saukar mana da kuɗin mai. Ta ce ita abin da ke ɗaga mata farashi kuɗin mota ne daga Arewa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 bai sauko ba.

Sabulun salo shi ne na biyu, kuma a nan yabona yana da sharaɗi. Nata ɗanye ne, wanda ake yankowa daga babban curi a auna, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu, ba baƙi wuluk ba, yana da laushi har ana iya murɗe shi da yatsa. Wannan sana'a ta ƙasar Yarbawa ce tun asali, suna kiransa ose dudu, ana ƙona ɓawon koko ko na ayaba a jiƙa tokar a tace, a dafa ruwan da man alayyadi har ya zama sabulu. Saboda haka a Legas mutum ya fi kusa da tushensa fiye da a Kano, kuma ana ganin hakan a sabuntar kayan. Yana kumfa sosai, yana fitar da maiƙo da gumin yini, kuma ga wanda ya sha cunkoson motocin haya na danfo daga Oshodi zuwa Agege babu abin da ya kai shi wanke jiki. Na kwatanta shi da Dudu-Osun na kwali wanda kowa ya sani. Na kwalin ya fi tauri da jimawa da ƙamshi, na Hajiya ya fi sauƙin kuɗi kuma ba shi da turare, abin da ya dace da maigidana wanda ƙamshin sabulu ke sa shi atishawa.

Sharaɗin shi ne sabulun yana da ƙarfi. Fatar mutum tana da ɗan tsami a bisa halitta, a ma'aunin da masana ke amfani da shi tana wajen 5, shi kuwa sabulun toka yana wajen 9 zuwa 10, wato ɓangaren kanwa. Idan aka yawaita shi, ko aka bar kumfar ta jima a fuska kamar yadda wasu ke ba da shawara, sai fata ta ɗaure ta riƙa zafi, daga baya ta yi saɓa. Na yi wannan kuskure a makon farko, na goga curin kai tsaye a kumatu, wani guntun toka da bai narke ba ya karce ni. Yanzu ina gutsuro kaɗan in murza a hannu, kumfar kawai nake kai wa fuska, sau ɗaya a yini, in ɗauraye nan take. Jarirai ba na yi musu wanka da shi. Wani abu kuma da ya kamata mai shago ta riƙa faɗa wa sababbin masu saye shi ne sabulun yana jan ruwa daga iska, idan aka bar shi a buɗe a banɗakin Legas kwana uku zai zama kunu. Sai a roba mai murfi, a ajiye a ɗaki.

Abin da ban ji daɗinsa ba ko kaɗan shi ne wasu ƙananan robobi da ke can ƙarshen kanta, waɗanda ake kira haɗin amarya. Ba Hajiya ke haɗawa ba, wata ce ke kawo mata ta sayar a raba riba. Babu takarda a jikinsu, babu jerin abin da aka zuba, babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sai dai a ce maka sabulun salo ne da kurkum da zuma da "wasu sirrika". Ƙanwata da ta zo hutu gab da bikinta ta matsa sai ta gwada, na saya mata ɗaya ba da son raina ba. A cikin kwana goma fuskarta ta yi haske irin wanda kurkum da zuma ba sa iya kawowa, gefen hancinta ya yi ja yana raɗaɗi, gaɓoɓin yatsunta kuma suka fito da duhu. Na karɓe robar na koma shagon. Na ce, "Hajiya, ke da kika hana ni yawan man kaɗe saboda wuyan jikarki, yaya za ki bar wannan a kantarki?" Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Wallahi 'yata, su suke nema. In na ce babu, gaba za su yi su sayi wanda ya fi shi sharri." Ta mayar mini da kuɗina ba tare da musu ba, amma har ranar da nake wannan rubutu robobin suna nan.

Ban karɓi wannan uzuri ba, duk da na san matsin da ke bayansa. Abubuwan da aka fi samu a mayukan bilicin sanannu ne: sinadarin haidurokwinon, da magungunan sitiroyid masu ƙarfi waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta, da kuma zaiba a wasu. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa. Haidurokwinon idan aka daɗe a kansa yana iya barin baƙin tabo mai wuyar fita. Zaiba kuwa ƙoda take taɓawa, kuma tana iya isa ga ɗan da ke ciki. A farkon 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana yawan bilicin a ƙasar nan a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Shagon da mata ke shigowa saboda sun amince da dattakun mai shi bai kamata ya ara wa kayan da ba a san cikinsu ba wannan amana ba. Shawarata ga duk mai zuwa ita ce ta sayi abu guda-guda wanda idonta ke iya ganewa, man kaɗe daban, sabulu daban, kurkum daban, in tana son haɗi ta haɗa a gidanta. Ko a gidan ma a guji matsa lemon tsami a fuska a fita rana, domin yana ƙona fata ya bar tabo.

A ɓangaren girki, kuka ce ta riƙe ni. Bahaushen da ke Legas ba ya rasa tumatir da tattasai da albasa, tunda kullum manyan motoci na sauke su a kasuwar Mile 12 daga Arewa, nama kuma ga mayankar Oko-Oba nan kusa da mu. Abin da ke wuya shi ne busasshen kaya mai tsabta. Kukar da na riƙa samu a da takan zo da launin toka, ga yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙori, alamar a ƙasa aka shanya ganyen a rana. Ta Hajiya kore ce shar, an tankaɗe ta da laushi, tana da wannan ƙamshi na ɗanyen ganye, kuma yauƙinta ba ya buƙatar taimako. A gabana ta taɓa mayar wa mai kawo mata kaya rabin buhu, ta zuba kaɗan a kofin ruwa ta motsa, ta nuna masa yashin da ya kwanta a ƙasa.

Da ita nake miyar da ta zama abincin daren Laraba a gidanmu, wadda ba ta cin minti 40 idan akwai romo a ajiye. Ina daka daddawa biyu da ɗan citta da masoro da kanumfari biyu ko uku, in jajjaga attaruhu da albasa guda, in zuba duka a romon nama ko na busasshen kifi kamar kofi huɗu, in bar su su tafasa sosai har gafin daddawar ya fita. Daga nan sai in rage wuta, in riƙa barbaɗa kuka da hannun hagu ina kaɗawa da maburgi da dama, cokali uku zuwa huɗu, a hankali domin kada ta yi gudaji. Minti biyar a kan ƙaramar wuta ya ishe ta, sannan man shanu cokali ɗaya a kai lokacin ci. Daddawar shagon ta kalwa ce, busasshiya, baƙa, mai faɗi irin ta gida. Iru na Yarbawa daga kalwar ɗorawa ɗaya ake yin sa, kuma yana da daɗi a miyarsu, amma ɗanye ne mai ruwa, ƙwayarsa a ware, ɗanɗanonsa a miyar kuka ba ya zama daidai a bakin wanda ya tashi da daddawa. Tun da na samu daddawar Hajiya na rage dunƙulen magi da nake sawa zuwa rabi.

Garin ɗan wake kuma ya cece ni a safiyoyin Asabar. A haɗe yake zuwa, wake da rogo, kuma ta fi ba da ƙarfi ga waken, shi ya sa ba ya yin danƙo kamar roba. Kofi biyu na garin nake zubawa, da kuka cokali biyu, in kwaɓa da ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace, har ƙullun ya riƙa ɗagowa da hannu ba ya zuba. Ruwa na tafasa nake jefawa ƙanana-ƙanana. Sukan nutse su taso, in sun taso in bar su kamar minti goma, ina yayyafa ruwan sanyi duk lokacin da kumfa ta nemi zubowa. A tsame a ruwan sanyi, a zuba man gyaɗa da aka soya da albasa, da yaji da dafaffen ƙwai da ɗan kabeji. Gargaɗina ɗaya ne, kanwarta ungurnu ce mai ƙarfi, guntu kamar ƙwayar wake biyu ya isa wannan awo. Ranar da na zarce, ɗan waken ya yi duhu yana ɗaci, yara suka ture kwanon suka nemi burodin Agege da shayi.

Yajin ƙuli ne ya ba ni kunya. Ɗanɗanonsa ba laifi, citta da barkono sun ji, gishiri bai yi yawa ba, amma a watan Yuni, tsakiyar ruwan Legas, na sayi babban ƙulli a leda na ajiye a kabad, bayan mako uku na tarar ya dunƙule ya yi furfura a gefe yana warin tsohon mai. Rabin laifin nawa ne da na bar shi a leda, rabi kuma na shagon ne, domin babu abin da ke nuna ranar da aka daka shi, mai yiwuwa ya riga ya kwana biyu a kanta kafin ya zo hannuna. Kayan gyaɗa idan suka yi funfuna ba a kankare sama a ci ƙasa, saboda irin funfunar da ke kama gyaɗa da masara tana iya haifar da gubar afalatoksin mai illa ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Zubar da shi na yi duka. Wannan ita ce babbar kasawar shagon bayan haɗin amarya: ba a rubuta kwanan wata a kan komai. Ɗan guntun takarda da biro sun isa su gyara lamarin, na kuma faɗa mata haka. Ta ce ita tana riƙe da ranar kowane kaya a kanta, abin da na yarda da shi, sai dai ba kullum take zaune ba, yaron da ke tsare mata shago da rana kuwa ba ya riƙe da komai. Tun daga nan nake sayen yaji da kuka da kuɓewa na mako biyu kawai, in juye a kwalba mai murfin ƙarfe da na wanke na busar, daddawa kuma in sa a firji idan wuta ta samu.

Sauran kayan ba su buƙatar dogon bayani. Man shanun soyayye ne, yana da ƙamshi, amma yakan yanke na makonni. Man jan da take ajiyewa saboda maƙwabta yana da kyau, launinsa na halitta ne mai ruwan lemo, ba jan nan mai ɗaukar ido ba wanda ke sa mutum zargin an sa masa rini, abin da hukuma ta sha gargaɗi a kai. Zumar tana da kauri kuma ta ɗan daskare a ƙasan kwalba, wanda ba alamar jabu ba ce kamar yadda ake zato. Na ji daɗi da na ji Hajiya tana hana wata mai jego ba jaririnta, domin ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Lallen yana kamawa. Busasshiyar kuɓewar matsakaiciya ce, na fi son wadda surukata ke aiko mini.

Game da hulɗa da jama'a, shagon yana da halin gida da kuma matsalolin gida. Mutum uku ne ke iya tsayawa a ciki, na huɗu sai a waje, kuma idan aka yi ruwa lungun yakan cika har idon sawu. Ana buɗewa wajen ƙarfe tara, ana rufewa lokacin salla, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko. Ana karɓar kuɗi ta waya, amma yaron ba ya sakin kaya sai saƙon banki ya shigo, wanda ya taɓa tsayar da ni kusan rabin awa. Ta fara aika kaya ta hannun masu babur zuwa Ogba da Ikeja da Idi-Araba. Sau biyu na gwada, na farko ya iso lafiya, na biyu man kaɗen ya narke a akwatin babur ya jiƙa ledar kuka. Wanda ke da hali ya je da kansa, musamman yanzu da jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yake tsayawa a Agege, ga kuma gadar Pen Cinema da ta rage cunkoson da aka sani a wurin. In za a je, a tafi da kwalba ko roba mai murfi daga gida, domin ledojinta sirara ne, kuma a je da safe lokacin da ita kanta take nan, tunda rabin amfanin shagon yana bakinta ne.

A zuwana na ƙarshe, makon jiya, na sayi ƙaramar robar man kaɗe, da sabulu na wata guda, da kuka da daddawa da garin ɗan wake mudu ɗaya. Na lura an manna farar takarda a jikin robar yaji, an rubuta kwanan wata da jan biro, ko da yake a kan yajin kaɗai aka yi. Ina ƙirga canji wata budurwa ta shigo ta nuna robobin ƙarshen kanta ta tambayi kuɗinsu. Hajiya ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce mata ta fara zama tukuna ta ga fuskar a haske.